Ranar da Mai Guga Ya Shanya Laimar Kwaɗi

Tun da Baba Mai Guga ya dawo gidan Auta da zama, kalma ɗaya ce ke bin sa daga safe har yamma: huta. In ya ɗauki tsintsiya, a karɓe a ce ya huta. In ya sunkuya zai ɗauraye kofin da ya sha shayi, sai surukarsa ta taso da sauri ta amshe, tana cewa, "Haba Baba, muna nan?" Har rigarsa ta sawa, shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin wankin wani babban otal yana goge kayan mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, sai ya tarar an wanke an goge an ajiye masa a bakin gado. Gugar ma ba ta yi ba, kari biyu ne a hannun riga. Yakan duba, ya girgiza kai, ya saka abarsa.

Bayan rasuwar matarsa ne 'ya'yan suka haɗu suka ce ba za su bar shi shi kaɗai a gidan haya ba. Gida biyu aka ce ya zaɓa. Akwai na babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya, can a wani gari mai nisa, a saman wani dogon bene. Ya taɓa zama can na ɗan lokaci. An ba shi ɗaki mai sanyi da talabijin da tagar da ba ta buɗuwa, ya wuni yana kallon rufin motoci daga sama, ba wanda zai ce wa sannu sai mai aikin da ke kawo abinci. Sai kuma gidan Auta, ɗansa na ƙarshe, direban bas: ɗaki biyu da falo, ɗan sito a bayan kicin, da tsakar gida ta siminti wadda igiyar shanya ta ratsa. Bai yi dogon tunani ba ya ce Auta. Yaya ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta haƙura ba. Duk mako sai ta kira ta tambaya ko ya gaji da matsi, ta tuna masa ɗakinsa na nan a share.

Matsin kuwa gaskiya ne. A ɗakin da aka ba shi akwai wasu kantoci na katako an jingine su jikin bango an rufa musu tsohon zanen gado. Da ya tambaya, Auta ya sosa ƙeya ya ce, "Na Malama ne, Baba. Ba komai, ba yanzu za a yi amfani da su ba." Tsohon bai ƙara tambaya ba, don shi ba yaro ba ne. Ya gane ɗakin nan an riga an yi masa wani tanadi kafin ya zo ya ajiye jakarsa a ciki. Kuma ya san duniya. A gidan da wuri ya yi kaɗan, mutumin da ba ya tsinana komai, wata rana za a taru a ga ya fi dacewa da wani wuri, a faɗa masa da murmushi. Shi kuwa ba ya son benen Yaya ko kaɗan, kuma da wannan tsoron yake kwana, da shi yake tashi.

Malama ita ce surukar, matar Auta. Tana koyarwa a makarantar firamare, albashin da ke zuwa ya gaishe ka ya wuce kafin ka amsa. Shi ya sa ta kama noman laimar kwaɗi a cikin gida. Ranar da tsohon ya fara jin zancen, sai da ya ajiye cokali.

"Laimar kwaɗi? Wadda ke fitowa a gindin ruɓaɓɓen itace in an yi ruwa? Wadda tun muna yara ake dukanmu in mun taɓa?"

Malama ta yi dariya tana rufe baki. "Ba irin waccan ba ce, Baba. Wannan ta ci ce. Masu gidajen abinci nema suke."

"To, Allah ya sa albarka," in ji shi. A ransa kuwa ya ce, lallai mutum in ya daɗe zai ga abubuwa.

Kafin ya zo ta gwada 'yar kaɗan, ta yi kyau, har wata mai gidan abinci ta ce duk abin da ta samu nan gaba ta kawo mata. Don haka wannan karon Malama ta zage. Yana zaune a kujerar roba a inuwar bango ya ga aikin da idonsa. Ta jiƙa dusar katako, ta cuɗa ta da dusar hatsi, ta dinga durawa a ledoji tana dannawa. Ta jera su a cikin duro a kan wuta suka sha turara rabin wuni. Da suka huce ta wanke hannu har gwiwa, ta zuba wa kowace leda iri, ta toshe bakin da auduga. Abin ya burge shi, don ya yi kama da aikin da ya sani: ruwan zafi, tururi, hannu mai tsafta. Sau biyu yana miƙewa zai kama mata, sau biyu tana cewa, "Hayaƙi, Baba. Ka koma inuwa." Ledojin suka shiga sito da launin dusarsu, ruwan ƙasa, aka rataya buhunan algarara a taga, aka ja ƙofa.

Tambayoyi sun cika masa ciki. Yaya abu zai tsiro a duhu? Ta ina zai fito? Amma ita tana jin nauyinsa, shi ma yana jin nauyinta. Gaisuwarsu doguwa ce, hirarsu gajeriya. Sai ya haɗiye tambayoyinsa ya ci gaba da hutawa, yadda aka ce.

Makonni suka wuce, sai aka kira Malama aka ce an kwantar da mahaifiyarta a asibiti. Ta nemi izini a makaranta, ta haɗa kayan yaranta da za ta tafi da su, ta zo bakin ƙofarsa ta yi masa sallama.

"Ba abin da kike so a kula miki da shi?" ya tambaya, yana satar kallon ƙofar siton.

"Babu, Baba. Komai na nan yadda ya kamata. Abinci na cikin firji, Auta zai dinga ɗumama maka. Kai dai ka huta kawai."

Auta kuwa da asuba yake fita, sai rana ta faɗi yake dawowa. Gidan ya zama na tsohon shi kaɗai, shi da ƙarar firji.

Warin ne ya fara zuwa. Wani ba zai ji shi ba, amma hancin Mai Guga ba hancin wani ba ne. Duk lokacin da ya bi ta bayan kicin sai ya ji shi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar siton, warin danshi da aka rufe wa ƙofa. Ya san warin nan kamar yadda ya san sunansa. A otal, lokacin ruwa, shi ne babban abokin gabarsa. Zanen gado ɗaya in aka ninke shi da sauran danshi aka tura cikin kanta, kafin ka ankara fumfuna ta bi layin gaba ɗaya. Ya ga an kori mutane a kan haka. Shi kuwa ba a taɓa samun fumfuna a kantarsa ba, kuma maganin da ya sani bai taɓa ba shi kunya ba: a fitar, a buɗe, a shanya a rana, a wanke wurin tas.

Ranar farko ya daure. Ya ce ba ɗakinsa ba ne, ba sana'arsa ba ce. Washegari da hantsi ya tsaya a gaban ƙofar, ya ce leƙawa kawai zai yi.

Ya tura. Duhu da ɗumi suka bugi fuskarsa. Da idonsa ya saba, sai ya dafa bango.

Ledojin da suka shiga da launin dusa, duk sun yi fari fat. Farin ya bi cikinsu daga sama har ƙasa kamar auduga, a wasu har ya fara turo bakin leda. Ya ɗauki ɗaya ya kai bakin ƙofa, ya juya ta a haske, ya shinshina. Ya ɗauki wata, haka. Ya ɗauko ta can ƙurya, ita ma haka. Ba guda ɗaya da ta tsira.

"Wayyo 'yar mutane," ya ce a fili. Ya tuna yadda ta wuni a gaban wuta tana share hawayen hayaƙi da gefen mayafi. Ga uwarta a asibiti, ga dukiyarta tana ruɓewa a duhu. Ai dole ma. Wa ya taɓa rufe jiƙaƙƙen abu a ɗaki ba rana ba iska ya ce zai zauna lafiya? Yaran zamani akwai ƙoƙari, amma wani abin sai wanda ya daɗe.

Wayarsa na cikin aljihu. Ya taɓa ta, ya fasa. Ya ce wa kansa mace na jinyar uwarta, ba a ƙara mata tashin hankali, Auta kuma yana kan sitiyari. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashi, wadda bai so ya kalla ba: in ya kira, cewa za a yi ya bari, ya huta. Kuma tun da ya shigo gidan nan bai taɓa cin karo da matsalar da ya san maganinta ba sai yau. Tausayin Malama yake ji, haka ne, amma wani ɓangare na zuciyarsa murna yake yi.

Ya cire riga ya rataye a igiya, ya naɗe ƙafar wando. Bibbiyu ya dinga fito da ledojin, ya jera su a kan simintin tsakar gida layi-layi, da tazara tsakaninsu yadda iska za ta ratsa. Ya zare audugar bakin kowace ɗaya. Ya ɗauko reza ya tsaga su ta gefe don rana ta shiga ciki sosai, waɗanda farin ya yi wa yawa har ya ɗan farfasa su da hannu. Bayansa ya yi ƙara, gwiwarsa ta yi ƙorafi, bai saurare su ba. Ya sauke buhunan algarara, ya wangale taga, ya haɗa ruwan bilic, maganin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, ya wanke kantocin siton da bango da ƙasa, har da bayan ƙofa inda ba mai dubawa. Da rana ta take ya fito ya juya ledojin ɗaya bayan ɗaya don ɗaya gefen ma ya samu rabonsa. Simintin har ƙona tafin ƙafa yake.

Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana kwashe shanya, ta ce, "Sannu da aiki, Baba!"

"Yauwa, sannu 'yar nan," ya amsa da wata murya da shi kansa ya kwana biyu bai ji ta ba. Ya manta rabon da a yi masa sannu da aiki. Ranar bai jira Auta ba, da kansa ya ɗumama abinci, ya ci har ya ƙara.

Da yamma Auta ya shigo yana kaɗa makullin mota. Ya tsaya cak a bakin tsakar gida. Ya kalli layukan ledoji, ya kalli siton da ke wangale yana ƙamshin bilic, ya kalli mahaifinsa da ke zaune yana jiran a tambaye shi.

"Baba... me ya faru a nan?"

"Fumfuna," in ji tsohon. "Da ban leƙa ba da sai dai a kwashe a zubar. Duk ta cinye su. Amma sun sha rana yau, gobe in aka ƙara musu..."

Auta ya ɗora hannu biyu a ka. "Baba, farin nan ai shi take jira. Shi ne abin. Kullum in ta leƙa sai ta zo tana murna ta ce min ya ƙara fari. Cewa ta yi in ya gama rufe ledar, laimar za ta fito daga jikinsa."

Tsohon ya kalli layukan ledojin. Ya tashi ya taɓa ledar da ke kusa da shi. Rana ta faɗi amma har yanzu da zafinta, kamar burodin da aka fito da shi yanzu, kuma farin ya koma wani rawaya-rawaya. Su biyu suka mayar da ledojin ciki. Auta ya fita waje ya daɗe yana magana a waya ƙasa-ƙasa.

Ranar da Malama ta dawo, ta ajiye jaka ta wuce sito ko mayafi ba ta cire ba. Ta daɗe a ciki. Tsohon yana zaune a kujerarsa, ya shirya maganar da zai yi ya warware ya sake shiryawa. Da ta fito idonta ya yi ja, amma fuskarta a sake. Ta zo ta rusuna.

"Mun same ka lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, an sallame ta."

"'Yata," ya ce, "na yi miki ɓarna."

"Haba Baba, ba komai. Ai taimako ka yi niyya. Allah ya sa haka ne ya fi alheri."

Shi ke nan. A kwanakin da suka biyo baya yana kallo ta dinga fito da ledojin, sun yi ruwa, sun yi kore da baƙi, tana zubawa a buhu a kai bola. 'Yan kaɗan da inuwar katanga ta rufa wa asiri ta mayar ciki. Auta ya sayo ɗan kwaɗon kulle ƙofa ya maƙala a ƙofar siton, ya yi abin cikin sauri kamar mai sata. Wata safiya tsohon ya ji ta a kicin tana waya da mai gidan abincin nan, tana ba da haƙuri. "Zafi ne ya yi musu yawa," ta ce. "Laifina ne, ban kula ba." Ko sunansa ba ta ambata ba.

Abincinsa kuwa sai ya ƙara kyau. Nama ya ƙaru a kwanonsa. Gaisuwa ta ƙara tsawo. Yara ma aka ja musu kunne kada su yi hayaniya kusa da ɗakin Baba. Wani tsohon da sai ya ce ya yi dacen suruka, kuma ya yi ɗin. Amma Mai Guga ya san wannan irin kirkin, don ya gan shi shekara da shekaru. A otal, in baƙo ya ƙona zanen gado da taba ko ya fasa madubi, ba a ɗaga masa murya. Murmushi ake yi a ce ba komai, ranka ya daɗe. A canza zanen, a share kwalba, a jira ranar da zai tafi. Ma'aikaci ake yi wa faɗa, don shi na gida ne, gobe ma yana nan. Da ya gane a wane layi aka ajiye shi, abin ya yi masa ciwo fiye da ɓarnar kanta.

Ya ga gara ya tafi da ƙafarsa kafin a taru a kansa. Ya kira Yaya.

"Ɗakin nan yana nan?"

"Baba! Ai kullum yana nan. Me ya faru? Sun yi maka wani abu?"

"Ba abin da suka yi min sai alheri. Ki dai turo mota."

Ta ce jibi direba zai zo. Murnarta har cikin kunnensa. Ya kashe wayar ya zauna a bakin gado yana kallon kantocin da ke ƙarƙashin zanen.

Washegari ba makaranta. Tun da sassafe Malama ta kafa duro a tsakar gida, ta sake jiƙa dusa, 'yar kaɗan wannan karon, gwargwadon irin da ta iya samu. Ita kaɗai ce, Auta ya fita, yara na ɗaki. Itacen ɗanye ne, hayaƙi kawai yake yi, tana durƙushe tana hurawa tana tari. Tsohon ya ɗauki dutsen guga a falo ya goge rigarsa da kansa, kari ɗaya miƙaƙƙe. Ya saka, ya fito ya tsaya a bayanta.

"Sannu da aiki, 'yata."

"Yauwa Baba. Ka matsa daga hayaƙin nan."

"Magana zan yi miki. Na yi waya da Yaya. Gobe za ta turo mota." Ya gyara murya. "Kin ga sai ki samu ɗakin, ki kafa kantocinki. Kin yi haƙuri da ni ƙwarai. Allah ya yi miki albarka."

Ba ta juyo nan da nan ba. Ta ajiye itacen da ke hannunta a hankali. Da ta miƙe ta fuskance shi, fuskarta duk toka da gumi, sai ya ga wata mace da bai taɓa gani ba.

"Wato shi ke nan?" ta ce. "Ka yi ka gama, ka saka gogaggiyar riga, ka tafi?"

"Ai gani na yi..."

"Gani ka yi! Ran nan ma gani ka yi! Ka ga fari ka ce fumfuna. Baba, ka san tun yaushe nake tattalin abin nan? Dubi hannuna." Ta miƙa masa tafukanta, duk tabon ƙuna. "Mai gidan abincin nan ta ba wa wani cinikin, ta ce ba za ta iya jira ba. Na dawo daga jinya ko zama ban yi ba na tarar an gasa min su a siminti, layi-layi, har da juyawa! Maƙwabciya ta ce har juya su ka yi! Waya ba ta aljihunka? Ba sai ka tambaya ba?"

Muryarta ta cika tsakar gidan. Yara suka leƙo ta labule suka koma.

"Da na tambaya," ya ce a hankali, "cewa za ki yi in huta."

Ta tsaya, baki a buɗe. "To me zan ce? Uban mijina ne kai. In ce ka ɗebo min ruwa? In ce ka hura min wuta?"

"Eh."

Itacen ya yi ƙara a ƙarƙashin duron. Ta kalle shi kamar yau ta fara ganin tsayinsa.

"Ni ɗaki na ce maka ina so?" Muryarta ba ta sauka ba. "Kantocin nan ko na kafa su wa zai cika su? Ni kaɗai? Ina makaranta tun safe, in laimar ta fara fitowa ruwa take so a fesa mata har rana ta faɗi, wa zai fesa? Kullum ina aji hankalina na sito. Ga mutum a gida zaune, ni ina jin kunyar in ce masa kama min, shi kuma ya tashi ya kama inda ba a ce ba. Yanzu kuma ya ɓata, zai bar ni da ɗaki. Ɗakin zan dafa?"

Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa, da kuma wanda ta faɗa wa. Ta rufe baki da hannu biyu. Hawaye suka ratsa tokar fuskarta.

"Baba, ka yafe min. Ban san..."

"A'a," ya ce. "In da saura ki ƙarasa."

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kukan, ta juya baya tana share ido. Shi kuwa yana tsaye, wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinsa ya ji ya kwance. Tun ranar da aka rufe matarsa ba wanda ya ɗaga masa murya. Kowa lallaɓa shi yake. Bai taɓa zaton zai yi kewar faɗa ba, sai yau da aka yi masa ya ji daɗinsa har cikin ƙashi.

"Wutar nan za ta mutu," in ji Malama, ba ta kalle shi ba.

Ya cire gogaggiyar rigar ya rataye. Ya durƙusa a gaban duron, gwiwa na ƙara, ya zare ɗanyen itacen ya gyara zaman sauran, ya hura. Harshen wuta ya tashi.

"Har yaushe za ta ci?"

"Sai na ce ta isa. Kuma kada ka buɗe murfin nan, ko me ka ji, ko me ka shinshina."

"To."

"In mun gama zan nuna maka waɗanda suka rage. Fari lafiya ne. Kore shi ne ciwo. In ka ga kore, kira na za ka yi."

"To."

Ta ɗauki bokiti za ta famfo. Ya ɗago kai, ido na ruwa saboda hayaƙi.

"Yaya fa? Motar nan gobe... ko za ki yi mata bayani? Kin fi ni iya magana."

"Ni?" Malama ta tsaya da bokitin a hannu. "Wanda ya kira ta shi zai kira ta ya warware. Ka san halin Yaya, sai ta wanke ka tas."

"Za ta yi faɗa," ya ce.

"Sosai ma."

Ya gyaɗa kai, ya tura wani itacen cikin wuta. Bai matsa daga hayaƙin ba, ita ma ba ta ce ya matsa ba.